Gajeren tseren taswira na dattawa a garin kan dutse: amsa ga mai fitowa karon farko

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan'uwa mai shekara 53, haifaffen birnin Kano da ke aiki a Torino ta ƙasar Italiya. Ya ce shekara goma ke nan yana gudun titi, kuma yana gama kilomita 10 cikin minti 48. Abokin aikinsa ya rubuta sunansa a gajeren tseren taswira na rukunin dattawa, wanda za a yi nan da wata biyu a wani gari na kan tsaunukan Alps mai tsayin kusan mita 2,000. Sau biyu kacal ya taɓa riƙe taswirar wasan, a lambun shaƙatawa na cikin gari. Yana so ya san ko ƙarfin gudunsa zai fishe shi, da kuma abin da ya kamata ya shirya.

Malam, sannu da ƙoƙari, kuma barka da shigowa cikinmu. Na fi shekara ashirin ina wannan wasa da Turawa ke kira oriyantarin, inda mai gudu ke bin taswira ya nemo tashoshi a jere, kowace da tutar da aka kafa mata. Na fara a rukunin 'yan 40, yanzu ina na 'yan 60, kuma na sha tsara wa ƙungiyarmu hanyar tsere. Gudunka dukiya ce, kada ka raina shi, amma ba shi ne zai yanke maka hukunci ranar ba. Abin da zai yanke shi ne ko za ka iya riƙe ƙafarka kada ta wuce idonka. A garin kan dutse wannan ya fi wuya ninki biyu, domin iskar can tana saurin gajiyar da kai, kuma garin ba a shimfiɗe yake ba, hawa-hawa ne, wani titi a saman wani.

Bari in fara da yadda abin yake, domin lambun shaƙatawa bai nuna maka komai ba tukuna. Wasan ya samo asali ne daga horon sojoji a Suwidin da Norwe a ƙarshen ƙarni na 19, kuma a 1897 aka yi gasar farar hula ta farko a kusa da Oslo. Shekaru masu yawa a daji kawai ake yin sa. Gajeren tsere na cikin gari sabon shiga ne, sai a 2001 ya shiga gasar duniya a Tampere ta Finlan, gasar dattawa ta duniya kuma ta karɓe shi a 2008 a Fotugal. Ana tsara shi yadda wanda ya zo na ɗaya a kowane rukuni zai gama cikin minti 12 zuwa 15. Dattijo a wannan wasa yana farawa daga shekara 35, ana raba mutane shekara biyar-biyar, maza daban mata daban. Kai kana M50, wato rukunin maza 'yan 50 zuwa 54, kuma da shekarar haihuwa ake lissafi ba da wata ba: a watan Janairun shekarar da za ka cika 55 za ka koma M55 ko da a Disamba aka haife ka. A rukuninka hanyar takan kama kilomita biyu da rabi zuwa uku, da tashoshi goma sha biyar zuwa ashirin. Ana sakin mutane ɗai-ɗai, minti guda tsakani, kuma ba za ka ga taswirar ba sai agogonka ya fara tafiya.

Yanzu ka yi wannan lissafin da ni. Gudunka minti 4 da daƙiƙa 48 ne a kilomita. In hanya tana da tashoshi 18, kuma a kowace tasha ka tsaya daƙiƙa goma kana neman inda za ka nufa, ka zubar da minti uku cif. A gudunka, minti uku ya haura mita 600. Ma'ana, wanda ka fi gudu nesa ba kusa ba, in dai ba ya tsayawa, zai riga ka isa ba tare da ya haɗa gumi kamar kai ba. Ban ma sa kuskure ko ɗaya a lissafin ba, tsayuwa ce kawai. Na taɓa bin bayan wata dattijuwa 'yar rukunin 80 da ido a wani ƙauye na yankin Trentino a arewacin Italiya, daga bakin cocin garin har ta ɓace a kwana. Ba gudu take ba, sassarfa ce. Taswirar a ninke take a hannun hagu, babban yatsanta a kan inda take, ƙaramin gilashin ƙara girma maƙale da kamfas ɗinta, abin nuna arewa. Da ta iso tuta ba ta ko rage tafiya ba, ta miƙa hannu, na'urar da ke shaida ta zo tashar ta yi ƙara, kafaɗarta ta riga ta juya zuwa lungun da za ta shiga. Ta san hanyar fita tun kafin ta shigo. Wannan shi ne dukkan sirrin, kuma shi nake so ka kwashe wata biyun nan kana koya.

Taswirar gajeren tsere tana da ma'aunin 1:4,000, wato santimita ɗaya a takarda mita 40 ce a ƙasa. Ga manyan rukunoni akan faɗaɗa ta zuwa 1:3,000, sai ka duba takardar sanarwar gasar ka ga wadda za a ba ku. Gine-gine ruwan toka ne mai duhu. Ruwan toka mai haske rumfa ce ko soro, wurin da akwai rufi amma ana wucewa ta ƙarƙashi. Titi da daɓe ruwan ƙasa ne mai haske, filin ciyawa rawaya, hanyar tseren kuma da shunayya ake buga ta: alwatika wurin farawa, da'ira kowace tasha, da'ira biyu a cikin juna wurin gamawa. Waɗannan za ka riƙe su cikin kwana biyu. Abin da nake so ka haddace kamar karatun allo shi ne alamomin da aka haramta ƙetarewa. Baƙin layi mai kauri katanga ce ko shinge da ba a tsallakawa. Kore mai ruwan zaitun gidan mutane ne ko lambun furanni, ba a takawa. Kore mai duhu sosai shingen shuke-shuke ne, ruwa mai baƙin layi a bakinsa shi ma haka, sai kuma duk inda aka yi wa zanen raga da shunayya. Dokar ba ta duba ko za ka iya ba. Ko katangar iya gwiwa take, ko ka tarar da ƙofar lambun a buɗe, in taswira ta ce a'a to a'a ne, kuma akan ajiye masu sa ido a irin waɗannan wurare. Wanda ya ƙetare an soke sakamakonsa. Ina goyon bayan wannan tsanani ɗari bisa ɗari, domin garin na masu shi ne, aron sa suka ba mu na yini guda, kuma furen tsohuwa ɗaya da aka tattake ya isa a hana wasan shiga garin har abada.

Sai maganar ido, wadda matasa ba su san da ita ba. Lungu mai faɗin mita biyu, a ma'aunin 1:4,000, rabin milimita ne a takarda. Masu zana taswira sukan ɗan ƙara masa faɗi, amma duk da haka siririn abu ne, kuma daga shekara 45 idon yawancinmu ya daina kama abin da ke kusa. In kana sa tabarau wajen karanta waya, to za ka buƙace shi a tsere. Akwai tabarau na wasanni da aka yi wa gilashin karatu a rabin ƙasa, akwai kuma gilashin da ake ɗaurawa a kan kamfas na babban yatsa. Ka sayi ɗaya yanzu ka saba da shi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya fara sa tabarau mai hawa biyu ranar gasa zai ga matakala tana rawa a ƙarƙashin ƙafarsa. A irin wannan tsere, bambancin lungun da ya ɓulle da wanda bai ɓulle ba ɗan guntun baƙin layi ne a ƙarshensa, kuma mai tsara hanya ya san da shi, da gangan ya ajiye tashar yadda wanda bai duba da kyau ba zai afka.

To mu zo kan dutsen kansa, inda na fi so in daɗe.

Garuruwan kan tsauni iri biyu ne, kuma ya kamata ka binciki wanne za ka je. Akwai tsohon ƙauye na duwatsu, gidaje manne da juna, lunguna ƙanana da matakalai da soraye. Wanda ya tashi a cikin ganuwar Kano, ya saba ratsa lunguna daga Kurmi zuwa gindin Dala, yana da wata baiwa a nan: jikinsa ya san lungu yana iya lanƙwasa ya dawo da mutum baya, ya kuma saba ƙirga kwana. Sai iri na biyu, garin da aka gina domin masu wasan zamiya a kan ƙanƙara. Misalinsa na kusa da kai shi ne Sestriere, kimanin kilomita 100 yamma da Torino, mai tsayin mita 2,035, wanda iyalin Agnelli, masu kamfanin motoci na Fiat a lokacin, suka gina a shekarun 1930, da dogayen otal biyu masu siffar hasumiya. A can aka yi wasu wasannin Olamfik na hunturu a 2006, kuma a watan Agustan 2013 yankin ya karɓi gasar tseren taswira ta dattawan duniya. Irin wannan gari ba shi da ƙananan lunguna sosai. Abin da yake da shi manyan gidajen bene ne da aka dasa a jikin gangare, farfajiya a saman wurin ajiye motoci, dogayen katangun tare ƙasa, da filayen ciyawa masu gangara tsakanin gini da gini. A ido ya fi sauƙi. A ƙafa ya fi yaudara, domin ƙofar gaba ta gini tana iya zama a hawa na ɗaya, ta baya kuma a hawa na huɗu.

Taswira shimfiɗaɗɗiya ce, gari kuwa a tsaye yake. Abin da ke gaya maka tsayi shi ne siraran layuka masu ruwan ƙasa da muke kira layin tudu, kowane ɗaya hawan mita 2 ne ko 2.5, wani lokaci 5 in gangaren ya yi tsanani, kuma ana rubuta adadin a gefen taswira. A daji layukan nan a bayyane suke. A cikin gari gine-gine da tituna suna danne su, sai ka neme su da gangan. Sabon shiga ba ya ganin su sam, yana ganin tazara ce kawai, sai ya zaɓi hanyar da ta fi gajarta a takarda.

Ƙa'idar da muke aiki da ita ita ce hawan mita ɗaya yana cin ƙarfi da lokaci kamar gudun mita takwas zuwa goma a fili. Ka ɗauka daga tasha ta 5 zuwa ta 6 akwai hanya biyu. Ta farko mita 200, amma za ta hau da kai matakala ta ƙetare layin tudu takwas, mita 16 ke nan, sannan ta sauko da kai. Ta biyu mita 300 a kan titin da ya zagaye tudun ba hawa ba sauka. Ta farko a lissafi ta zama mita 330 zuwa 360. Ta biyu ta fi, kuma fifikonta ya wuce abin da lissafi ya nuna, domin a kan shimfiɗaɗɗen titi kana iya karanta tazara ta gaba, wato tsakanin tasha da mai bi mata, kana gudu, a kan matakala kuwa idonka na kan ƙafarka, in ka kai sama kuma numfashi ya ƙwace maka. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, in ji mutanenmu, kuma ga mai shekara 53 a tsayin mita 2,000 na fi yarda da wannan magana fiye da ko'ina. Amma kada ka mai da ita doka marar togiya. In tasha ta gaba a sama take, hawan dole ne, tambayar kawai ita ce a ina za ka yi shi. Ni na fi son in yi shi a titi mai gangare a hankali in tazarar ba ta yi yawa ba. Wasu ƙarfafa sun fi son su gama da shi lokaci guda a matakala. Wanda bai dace ba ko kaɗan shi ne ka sauka abin da za ka sake hawa.

Akwai wata dabara da za ta cece ka sau da yawa: ka karanta tazara daga ƙarshenta. Kafin ka tambayi kanka ta ina zan bi, ka tambayi ta ina ake shiga wurin tutar. Bari in ba ka abin da ya faru da ni a wani ƙauye na kan dutse, shekarar da na shiga rukunin 'yan 55. Tasha ta 8 tana jikin wata katangar tare ƙasa a bayan makaranta. Na ga da'irar, na ga titi ya nufe ta kai tsaye, na saki ƙafa. Na iso cikin da'irar daidai, ba tuta. Na ɗaga kai sai ga ta a samana, tsayin mutum biyu, tana kaɗawa a bakin farfajiya, ina iya karanta lambar jikinta. Katangar dutse ce mai santsi, baƙin layi mai kauri a taswira. Matakalar da ke kaiwa can tana bayan makarantar ta ɗaya gefen, kusa da inda na baro. Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in na biya. Amsar kuwa tana ɗaure a damtsena tun daga farko, domin takardar bayanin tashoshi ta nuna tutar a saman katanga take. Ban duba ba ne.

Wannan takarda ita ce abu na biyu da za ka haddace. Ana ba da ita minti biyu ko makamancin haka kafin a sake ka, ka zura ta a 'yar jakar roba da ake ɗaurawa a hannu. Ba rubutu ba ne, alamomi ne iri ɗaya a duk duniya, a cikin gidaje takwas. Gida na farko lambar tasha a jere, na biyu lambar da ke jikin tutar, wadda ke farawa daga 31 zuwa sama. Sauran suna faɗin abin da tutar ke jikinsa da kuma ɓangaren da take: kusurwar gini ta ciki ko ta waje, gindin matakala ko samanta, gefen shinge na arewa ko na kudu, ƙarƙashin gada ko kanta. A garin da ke shimfiɗe mutum yakan tsira ko bai duba ba. A garin kan dutse gida na bakwai, mai faɗin ɓangaren, shi ne rabin tseren.

Lambar jikin tuta kuma ka duba ta kowane lokaci, ba fashi. Ranar gasa rukunoni da yawa ne a gari ɗaya, tutoci sun fi naka yawa nesa, wasu taku talatin ne tsakaninsu. Tutar ƙyalle ce mai fuska uku, kowace fuska santimita 30 a 30, rabi fari rabi ruwan goro, duk iri ɗaya. Na'urar da za a ɗaura maka a yatsa, a Italiya yawanci ta SportIdent ce, tana ɗaukar duk tashar da ka taɓa ba ta ce maka ka yi daidai ko ka yi kuskure ba, ƙara kawai take yi. Sai ka gama a gaya maka ka tsallake ta 11, sakamako babu. In ka gane ka taɓa wadda ba taka ba, ba laifi, ka je ka taɓa taka ka ci gaba a jere. Haka nan kada ka bi kowa. Mutumin da ke gabanka yana gudu da ƙarfin hali wataƙila ɗan M45 ne mai wata hanya daban. A gida mun ce matambayi ba ya ɓata, amma a nan tambaya da bin wani duk doka ta hana, sai dai in wani ya ji rauni, wannan kam wajibi ne ka tsaya ka taimaka.

Yanzu iska. A tsayin mita 2,000 rabon iskar shaƙa a cikin iska bai canza ba, kashi 21 ne cikin ɗari kamar ko'ina, amma nauyin iskar ya ragu, don haka kowane numfashi yana kawo maka abin da ya gaza na Torino da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Don ka kwatanta, Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos kimanin 1,200 ce. A zaune ba za ka ji komai ba. A matakala ta biyu za ka ji. Abin da ya fi damuna ba ƙafa ba ce, kai ne. In mutum ya ƙure numfashinsa, abu na farko da ke tafiya shi ne iya karatu: yana kallon taswira amma ba ta shiga, yana ƙirga kwana ta biyu a matsayin ta uku. Kusan duk manyan kurakuran da na gani a irin wannan tsere sun faru ne a cikin daƙiƙa talatin bayan dogon hawa. Saboda haka ka tsai da shawarar tazara ta gaba tun kana gindin tudu, kanka na nan garau, ka kuma hau da ɗan saura a ƙirjinka. In ka kai sama ka ji taswirar ta zama baƙuwa, ka yi tafiya taku goma kana daidaita ta da kamfas. Taku goman nan sun fi arha a kan lungu ɗaya na kuskure.

Jiki yana sabawa da tsayi, amma cikakken sabo yana ɗaukar mako biyu ko fiye, abin da mai aiki ba zai samu ba. Sa'arka ita ce tsaunukan suna bayan gidanka. Cikin wata biyun nan ka hau sau uku ko huɗu a ƙarshen mako, ka yi gudu a tsayi irin wannan domin ka san yadda numfashinka ke yi. Sai dai ka kula: garin da za a yi gasar akan hana masu tsere shiga wani yankinsa tun daga ranar da aka sanar, kuma wanda aka gani yana zagayawa a ciki ana iya cire shi. Ka je wani garin. Tsohuwar taswirar wurin in masu shiryawa sun wallafa, da hotunan tauraron ɗan'adam, waɗannan halal ne ka zauna a gida ka yi ta nazarinsu, kana ƙirƙiro tazara kana zaɓar hanya.

Akwai magana ɗaya da abokin aikinka Bature ba zai tuna ya gaya maka ba, ni kuwa dole in faɗa. Ka san rukunin jininka na sikila? Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma da yawa ba su sani ba domin ba ya damun su a rayuwar yau da kullum. Amma tsayi da gudu mai tsanani da ƙarancin ruwa a jiki in suka haɗu, mai AS yana iya samun matsala, musamman a saifa. Alamarta ciwo ne mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, wani lokaci har kafaɗa. Wannan ba ya nufin mai AS ba zai yi tsere ba, 'yan wasa da yawa AS ne. Yana nufin ka sani, likitanka ya sani, ka hau a hankali, ka sha ruwa sosai, kuma in ka ji irin wannan ciwo ko jijiyoyinka suka saki ba dalili, ka tsaya nan take ka nemi masu agaji. A Italiya dama ba za ka shiga rukunin gasa ba sai da takardar likitan wasanni, wadda ake bayarwa bayan an auna zuciya kana motsa jiki, kuma hukumar wasan ta ƙasar, FISO, tana bin wannan doka. Ka yi amfani da wannan zama ka faɗa wa likitan maganar jinin, da hawan jini ko suga in akwai.

Shirin ƙafa ba shi da tsawo tunda kana da tushe. Ka rage dogon gudu ɗaya a mako ka sa matakala a madadinsa: hawa na daƙiƙa talatin zuwa arba'in, sau takwas, ka sauko a hankali. Saukowa ma ka koye ta, domin ita ce ke cin gwiwa da agara a shekarunmu, gajerun taku masu sauri, ba tsalle ba. Abin da ya fi duka amfani shi ne duk gudun da za ka yi daga yau ka riƙe taswira a hannu, ko ta wani gari ce daban. Ka ninke ta, ka ɗora babban yatsa, ka riƙa ɗaga ta zuwa ido kana kallon daƙiƙa biyu-biyu ba tare da ka rage gudu ba. Duk kwanar da ka sha, taswirar ta juya a hannunka yadda gabanta zai zama gabanka, arewarta na kallon arewa. Ka nemi ƙungiyar wasan da ke kusa da kai ka shiga duk wani ƙaramin tsere na cikin gari da za su yi kafin ranar, ko guda uku ka samu sun fi karatun wata guda.

Ranar kanta, ka tafi da rigar sanyi. Zafi yana raguwa kimanin digiri shida da rabi a kowane hawan mita 1,000, don haka garin zai fi Torino sanyi da digiri goma ko fiye, kuma da rani hadari yakan taso da yamma ba sallama. Daɓen dutse da matakalar katako in sun jiƙe santsi gare su kamar sabulu. Takalmin gudu mai kama ƙasa ya isa, mai ƙusoshin ƙarfe yawanci an hana shi a cikin gari. Ka ɗumama jiki minti ashirin, ka ƙare da 'yan gajerun gudu masu ƙarfi, domin tseren minti goma sha biyar ba ya ba da lokacin da jiki zai farka a hanya. Kafin ka shiga layin farawa za ka goge tsohon bayanin da ke na'urar yatsanka a akwatin gogewa, ka tabbatar ya gogu a akwati na biyu. In agogo ya buga ka ɗauki taswira, ka duba an rubuta M50 a jikinta, ka nemo alwatika. Tasha ta farko ka je mata da kashi tamanin na gudunka. Kowa jininsa a sama yake a wannan minti, kuma ma'aunin taswirar bai zauna a ido ba tukuna, za ka ga kwana ta iso tun kafin ka zata. Motoci kuma ba koyaushe ake tsayar da su ba, ga 'yan yawon buɗe ido da yara da karnuka, sai ka buɗe kwana da faɗi kada ka yi karo da wani a kusurwar gini.

Burin da zan sa maka a wannan karo shi ne ka taɓa dukkan tashoshinka a jere, ba ka ƙetare haramtaccen wuri ba, ba ka kuma yi kuskuren da ya wuce daƙiƙa talatin ba. In ka samu haka, da irin gudunka, za ka tsinci kanka a tsakiyar jerin sakamako ko sama da haka, gaban mutanen da suka shekara goma suna yi.

Da ka gama za a sauke bayanan na'urarka a ba ka 'yar takarda mai nuna lokacin da ka ci a kowace tazara. Kada ka jefar. Kafin ka canza riga, ka ɗauki jan biro ka zana ainihin inda ka bi a kan taswirar tun abin yana sabo a kanka, sannan ka nemi 'yan rukuninka, za ka same su a tsaye uku-uku kowa na nuna wa ɗan'uwansa hanyarsa da yatsa, ka tambaye su ta ina suka bi a tazarar da ta fi tsawo. Ka ɗauki hoton taswirar da takardar lokutan ka turo min, mu zauna mu duba inda hawan ya ci maka lokaci da inda idon ne ya makara. Allah ya kai mu ranar lafiya, ya sa a sauko lafiya.